Kafin A Sayi Sikana Ta 3D: Yadda Ake Girka Manhajarta Da Saita Ta A Kwamfuta

A cikin duwatsun Birnin Kudu da ke Jihar Jigawa akwai zane-zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse da jan launi da fari. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ne ya fito da labarinsu ga duniyar ilimi a shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Dutsen Habude da Dutsen Mesa suna cikin wuraren tarihi na ƙasa da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ke kula da su. Sai dai shiga rajistar gwamnati ba ya hana rana da ruwan sama da hannun ɗan Adam yin aikinsu. Abin da ya goge a jikin dutse ya tafi ke nan, sai fa idan an riga an adana cikakkiyar siffarsa.

Adana irin wannan siffa shi ne aikin na'urar sikana ta 3D, wato na'urar da ke auna tsawo da faɗi da zurfin abu, ta zuba awon a kwamfuta. Lokacin da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame na birnin Faris a ranar 15 ga Afrilun 2019, awon da marigayi Farfesa Andrew Tallon ya ɗauka da leza shekaru kafin nan, mai ɗigo sama da biliyan ɗaya, yana cikin bayanan da masu gyara suka koma gare su. An sake buɗe ginin a Disamban 2024. A nan Najeriya ma, tun daga 2016 cibiyar Factum Foundation ta yi aiki tare da Jami'ar Kalaba wajen ɗaukar siffofin sassaƙaƙƙun duwatsun Bakor na Jihar Kuros Riba.

Yanzu farashin ƙananan na'urorin ya sauko har ɗan kasuwa ko ƙaramin ofishi zai iya mallaka. Amma akwai abin da tallace-tallace ba sa faɗa: na'urar rabin aiki ce kawai. Sauran rabin yana cikin kwamfutar da za a haɗa ta da ita, da manhajar da za a girka, da yadda za a saita su. Wanda ya yi sakaci da wannan rabin zai ƙare da akwati mai tsada a ajiye a sito. Wannan bayani na jami'in da zai rubuta takardar sayayya ne, da ɗan kasuwar da zai yi oda, da matashin da za a damƙa wa na'urar a ce ya tayar da ita.

Yadda na'urar ke gani

Hoto na yau da kullum yana adana launi ne a shimfiɗe. Sikana ta 3D kuwa tana auna nisan da ke tsakaninta da kowane sashe na jikin abu, sai ta rubuta wurin a matsayin ɗigo mai lambobi uku. Miliyoyin irin waɗannan ɗigogi ne ke haɗuwa su ba da siffar tukunya ko ta bango ko ta ƙafar mutum.

Hanyoyin aunawa sun kasu. Akwai na'urar da ke haska wasu layuka a jikin abu, kyamarorinta biyu su duba yadda layukan suka lanƙwashe, manhaja ta lissafa tudu da kwari daga nan. Irin wannan ce ake riƙewa a hannu, kamar Artec Eva ta kamfanin Artec da ke Luksamburg, da EinScan ta kamfanin Shining 3D na ƙasar Sin, da ƙananan na'urorin Revopoint da Creality. Akwai kuma mai harba leza zuwa nesa ta auna dawowar hasken, wadda ake kafawa a kan ƙafa uku don auna gini ko fili, irin ta kamfanonin FARO da Leica. Hanya ta uku ba ta buƙatar na'ura ta musamman: hotuna ne masu yawa ake ɗauka daga kowane ɓangare, manhaja ta haɗa su.

Kowane kamfani da manhajarsa. Artec na aiki da Artec Studio, EinScan da EXScan, Revopoint da Revo Scan, FARO da SCENE, Leica da Cyclone. Manhajar wani kamfani ba ta tuƙa na'urar wani. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: wace manhaja ce ke tafiyar da wannan na'ura, kyauta ce ko sai an biya, kuma biyan sau ɗaya ne ko duk shekara?

Amfanin na'urar bai tsaya ga kayan tarihi ba. Mai sayar da kayan injin ban ruwa zai iya ɗaukar siffar wani ƙarfe da ya yi wuyar samu a kasuwa, ya aika wa masana'anta ta ƙera irinsa. Masu haɗa ƙafar roba da likitocin haƙori a ƙasashe da dama suna ɗaukar awo da ita a maimakon filasta. Magina da safiyo suna auna gini da ita kafin gyara.

Kwamfutar da za ta iya ɗaukar nauyin

A nan ne mafi yawan asara ke farawa. Kwamfutar ofis da ke buga takarda da lissafin albashi lafiya lau, sau da yawa ba za ta iya da sikana ba, domin na'urar tana turo hotuna masu yawa a kowace daƙiƙa, kuma dole a sarrafa su nan take.

Abu na farko shi ne katin sarrafa hoto. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan fasahar CUDA, wadda katin kamfanin NVIDIA kaɗai ke da ita. Kwamfutar da ba ta da kati na daban, sai ɗan ƙaramin da ke haɗe da ƙwaƙwalwarta, za ta iya buɗe manhajar amma ta kasa ɗauka, ko ta riƙa tsayawa. Na biyu shi ne ma'adanar wucin gadi da aka fi sani da RAM. Gigabait 16 shi ne abin da akasari ake farawa da shi, manyan ayyuka kuma suna neman 32 ko fiye. Na uku shi ne rumbun ajiya: a nemi nau'in SSD mai sauri, mai sarari da yawa, domin aiki guda zai iya cin gigabait masu yawa kafin a tace shi.

Na huɗu shi ne kafar USB. Tsohuwar kafa ta USB 2.0 tana wuce bayanai megabit 480 a daƙiƙa, ta USB 3.0 kuwa gigabit 5, wato kusan ninki goma. Yawanci ana gane ta 3.0 da shuɗin launi a cikinta ko alamar SS a gefenta. Idan aka soka na'urar a tsohuwar kafa, ko aka bi da ita ta wani ƙaramin akwatin raba kafofi mai arha, hoton zai riƙa yankewa.

Na biyar shi ne babbar manhajar kwamfutar. Yawancinsu suna neman Windows mai bit 64. A lura cewa kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin da ya saba tun ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka ofishin da zai sayi sabuwar kwamfuta ya nemi Windows 11. Mai kwamfutar Apple ya tabbatar tukuna cewa manhajar na'urarsa tana da nau'in da ke aiki a kanta, domin ba duka ke da shi ba.

Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai. Hukunci na ƙarshe yana shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, inda ake rubuta mafi ƙarancin abin da ake buƙata da kuma abin da aka fi so. A yi aiki da na biyun. Mafi ƙaranci na nufin manhajar za ta buɗe. Bai ce za a ji daɗin aiki ba.

Sai maganar wuta. Ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki na iya lalata fayil ɗin da aka yi awanni ana tarawa. Kwamfutar tebur na buƙatar na'urar UPS. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma tana rage ƙarfin katin hotonta da zarar an cire ta daga caji, don haka wanda zai fita aiki a ƙauye ya tanadi batirin sola ko ƙaramin janareta tare da na'urar daidaita ƙarfin wuta.

Girka manhajar daki-daki

Mu ƙaddara wani jami'in al'adu ne mazaunin Aujara, a Ƙaramar Hukumar Jahun, aka ba shi sikana ta hannu don ya adana siffofin tsofaffin kayan gargajiya: akushi, da sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, da sirdi, da tambari. Ga yadda ya kamata ya bi.

Da farko kada ya soka na'urar. Mutane da yawa suna fara sokawa, sai Windows ta ɗora mata direban da ta ga dama. Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta. Idan ba nata ba ne, kwamfutar za ta ɗauke ta a matsayin kyamarar hira kawai.

Mataki na biyu, ya sabunta Windows, sannan ya sauko da sabon direban katin hoto daga shafin kamfanin katin. Tsohon direban kati yana cikin manyan dalilan da ke sa manhajar ta rufe kanta ba gaira ba dalili.

Mataki na uku, ya sauko da manhajar sikana daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Filashin da ke zuwa cikin kwali sau da yawa tsohon zubi ne ke kansa. Fayil ɗin kan yi nauyi, saboda haka gara ya yi wannan aiki a inda intanet ke da ƙarfi, ko da sai ya shiga Dutse. Ya guji manhajar sata da ake sayarwa a faifai ko filashi. Ban da karya doka, irinta kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma kamfani ba zai saurari kukan mai ita ba.

Mataki na huɗu, ya girka ta da ikon mai kula da kwamfutar, wato ya danna ɓangaren dama na linzami ya zaɓi Run as administrator. Idan aka tambaye shi ko ya amince a girka direbobi, ya amince da duka. Wani lokaci manhajar rigakafi kan tare direban. Idan ya tabbata daga shafin kamfani ya sauko da shi, sai ya ba shi izini a cikin saitin rigakafin, kada ya kashe rigakafin gaba ɗaya ya manta.

A nan akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji ba sa fahimtar haruffa masu lanƙwasa. Idan sunan folda ko sunan mai kwamfutar yana ɗauke da ɓ ko ɗ ko ƙ, ko alamar ɗauri irin ta kalmar na'ura, manhajar na iya kasa ajiye aiki. Maganin shi ne a buɗe folda mai gajeren suna da haruffan boko zalla, a rumbun da ya fi sarari. A rubuta kwarya a sunan fayil, a bar ƙwarya ta gaskiya a cikin littafin rajista.

Mataki na biyar, ya kashe kwamfutar ya kunna, sannan ya haɗa na'urar da wayar da ta zo da ita, kai-tsaye a kafar USB 3.0, tare da wayar wutarta idan tana da ita. Ya buɗe shafin Device Manager. Idan sunan na'urar ya fito ba tare da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ba, direba ya zauna. Idan alamar ta fito, ya cire, ya sake girka direban, ya gwada wata kafar.

Mataki na shida shi ne rajista da lasisi. Yawancin kamfanoni suna neman a buɗe asusu da adireshin imel, a shigar da lambar na'urar, a kunna lasisin ta intanet. Wasu suna da hanyar kunnawa ba tare da intanet ba, ta hanyar fayil da ake ɗaukowa daga wata kwamfutar. Duk wannan a gama shi kafin a fita aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ma'aikatun gwamnati akwai ƙarin gargaɗi: a yi rajista da imel na ofis, a ajiye kalmar sirri a hannun jami'ai fiye da ɗaya. Idan aka yi da imel ɗin ma'aikaci guda, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, lasisin ya tafi tare da shi.

Mataki na ƙarshe, gyare-gyare uku a cikin Windows. A shiga saitin hoto a umarci kwamfutar ta riƙa amfani da babban kati ga wannan manhaja, domin kwamfutar tafi-da-gidanka mai kati biyu kan zaɓi ƙaramin don tattalin batir. A mayar da tsarin wuta zuwa cikakken ƙarfi. A kuma hana kwamfutar yin barci ko yanke wa kafofin USB wuta a lokacin aiki. Idan manhajar ta ce na'urar na buƙatar sabunta manhajar cikinta, a yi hakan ne kawai a lokacin da wuta ke tsaye, domin yankewa a tsakiya na iya kashe na'urar.

Daidaita awo

Duk ɗan kasuwar kirki yana duba sikelinsa kafin ya fara auna kaya. Haka sikana take. A cikin kwalin yawancin na'urorin hannu akwai wani allo mai ɗigogi da aka san tazararsu daidai. Manhajar za ta nemi a riƙe na'urar a gaban allon daga nisa daban-daban da kusurwa daban-daban, ta kwatanta abin da kyamarori suka gani da abin da ta sani, ta gyara lissafinta.

Ana yin wannan a karon farko, da bayan doguwar tafiya, da bayan na'urar ta faɗi ko ta bugu, da kuma idan zafin wurin aiki ya bambanta sosai da na inda aka daidaita ta. Na'urar da aka ɗauko a bayan babur daga Aujara zuwa Jahun ta sha girgiza, don haka a sake daidaita ta. Wadda aka daidaita a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki aka fito da ita cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Jigawa, ita ma haka. A bar ta ta yi 'yan mintuna a kunne kafin a fara.

Shi kansa allon abin lallaɓawa ne. Idan ya karce ko ya tanƙware, awo ya lalace, kuma a wasu na'urori lambar allon a haɗe take da ta na'urar, ba a aron na wani. A lokacin hunturu ƙura kan kwanta a gilashin kyamara; a hure ta da ɗan famfon iska, a goge da ƙyallen tabarau mai laushi, kada a sa bakin riga.

Bayan an gama, a yi gwaji. A ɗauki siffar wani abu da aka auna da ma'auni na hannu, a kwatanta da abin da manhajar ta bayar. Idan sun saɓa fiye da abin da takardar kamfani ta yi alƙawari, a sake daidaitawa kafin a taɓa aikin gaske.

Saitin ɗauka

Kafin kowane aiki manhajar za ta yi tambayoyi. Mafi muhimmanci ita ce tazarar ɗigo. Mai koyo kan zaɓi mafi ƙanƙanta yana zaton ya fi kyau, amma ga lissafin: fili mai murabba'in mita ɗaya, a tazarar milimita 1, ɗigo miliyan 1 ne. A milimita 0.5 ya zama miliyan 4. A milimita 0.2 ya kai miliyan 25. Duk lokacin da aka raba tazara biyu, nauyin aiki ya ninka sau huɗu. Zanen jikin ƙwarya na buƙatar ƙaramar tazara; turmi ko bango ba sa buƙata. A kuma sani cewa yawan ɗigo daban, daidaiton awo daban. Na'urar da ba a daidaita ba za ta ba da ɗigo miliyoyi, dukkansu a karkace.

Tambaya ta biyu ita ce yadda manhajar za ta riƙa gane inda take yayin da ake zagaya abu. Tana iya bin siffar abin, idan yana da tudu da kwari. Tana iya bin launi da zane. Tana kuma iya bin wasu ƙananan ɗigogi masu ƙyalli da ake mannawa. Abu mai sulɓi wanda ko'ina iri ɗaya ne, kamar randa ko ƙofar mota, sai da manne. Amma ba a manna komai a jikin kayan tarihi. Sai dai a jera ɗigogin a kan tabarma ko allo a kewayensa.

Ta uku ita ce ƙarfin haske. Abu baƙi wuluk, kamar tsohon akushi, yana shanye hasken na'urar, sai an ƙara. Abu mai ƙyalli kamar tasa ko likkafa yana watsa shi. Gilashi kuwa hasken ratsa shi yake yi. Ga kayan inji ana fesa wata hoda ta musamman mai dusashe ƙyalli, wasu nau'o'inta ma suna ɓacewa da kansu. Ga kayan tarihi wannan haramun ne. Hasken rana kai-tsaye yana rinjayar hasken ƙananan na'urori, don haka a yi aiki a zaure ko a inuwa, ko da sassafe.

Daga ɗigo zuwa fayil

Bayan ɗauka, aikin tebur ya fara. Ana goge ɗigogin da ba na abin ba, kamar tabarma da hannun mai riƙewa. Ana haɗa ɗaukar sama da ta ƙasa su dace. Daga nan manhajar ta saƙa ɗigogin su zama raga mai ƙananan kusurwoyi uku-uku, sannan ta lulluɓe ragar da launi. Za ta kuma yi tayin cike ramuka da goge kaushi. Ga abin da za a buga a na'urar ɗab'i ta 3D wannan daidai ne. Ga kayan tarihi a yi hattara: ramin da manhaja ta cike ƙirƙira ce, tsagewar da ta goge kuma wataƙila ita ce shaidar da mai bincike zai nema nan gaba.

Sai zaɓen nau'in fayil. STL siffa kawai yake ɗauka, babu launi, kuma ba ya rubuta ma'auni, shi ya sa abin da aka auna da milimita kan buɗe a wata manhajar a matsayin inci. OBJ yana ɗaukar launi, amma yana tafe da fayil na MTL da hoto. Idan aka tura ɗaya aka bar sauran, launin ya ɓace. PLY yana iya adana ɗigogi tare da launinsu. E57 kuma shi ne nau'in da aka amince da shi don musayar awon leza tsakanin manhajojin kamfanoni daban-daban.

Ƙa'idar ita ce a ajiye ɗanyen aikin yadda ya fito, sannan a fitar da kwafi a nau'in da kowace manhaja za ta iya buɗewa. Kamfani na iya rufewa, lasisi na iya ƙarewa. Akwai manhajoji na kyauta, MeshLab da CloudCompare da Blender, da za su buɗe waɗannan fayiloli ko bayan shekaru. A ajiye kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a wani gini daban ko a intanet. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san dalilin cewa wani gini daban. Kowane fayil kuma ya tafi da bayaninsa: mene ne abin, na wane ne, a ina aka ɗauka, yaushe, da wace na'ura, da wane saiti.

Wanda ba shi da na'ura

Ana iya fara koyo ba tare da an sayi sikana ba. Kyamara ko waya mai kyau ta isa a bi hanyar hotuna. Manhajar Meshroom kyauta ce, sai dai tana son katin NVIDIA don cikakken aiki. RealityCapture ta kamfanin Epic Games, wadda yanzu ake kira RealityScan, ta zama kyauta tun 2024 ga ɗalibai da masu sana'ar da kuɗin shigarsu bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Wayoyin iPhone nau'in Pro, daga iPhone 12 Pro ta 2020, suna da ƙaramin ma'aunin leza da ya isa auna ɗaki, ko da yake bai kai ga zane mai laushi ba.

Sharuɗɗan su ne kowane hoto ya maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, haske ya zama bai ɗaya, kada a riƙa jawo hoto kusa da nesa, kuma a ajiye ma'auni a gefen abin, domin hotuna kaɗai ba sa faɗa wa manhaja girman abu. Ga zane a jikin dutse irin na Birnin Kudu, wannan hanya tana da fifiko guda: tana kama launi sosai, kuma ba a taɓa dutsen.

Izini da amana

Mallakar na'ura ba izini ba ne. Wuraren tarihi na ƙasa suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi, wadda aka kafa da dokar 1979, kuma sai da amincewarta ake aiki a kansu. Kayan fada, kamar na fadar Sarkin Dutse da ke Garu, sai da yardar masarauta. Kayan gado na iyali sai da yardar masu shi, tare da fayyace wanda zai mallaki fayil ɗin da wanda zai iya sayar da kwafi. Siffar fuska ko jikin mutum kuwa bayanan sirri ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi ƙa'idojin tattarawa da ajiye irinsu.

Ga jami'in da zai rubuta takardar sayayya, kada a rubuta na'urar ita kaɗai. A haɗa da kwamfutar da ta cika sharuɗɗan kamfani, da UPS, da rumbun ajiya na waje guda biyu, da kuɗin lasisi na shekarun da za a yi aiki, da horar da ma'aikata aƙalla biyu. Jihar na da Jami'ar Tarayya ta Dutse da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, inda za a iya neman matasan da suka san kwamfuta. Sharaɗin ƙarshe shi ne kada a sa hannu a takardar karɓar kaya har sai ɗan kwangila ya girka manhajar a kwamfutar ofis, ya daidaita na'urar, ya ɗauki siffar wani abu a gaban jami'ai, an auna an ga ta yi daidai, kuma an buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar daban.

Ɗan kasuwar da zai yi oda daga Sin ko Dubai shi ma yana da hanyar kare kansa. Yawancin kamfanoni suna bari a sauko da manhajar ko fayil na gwaji kafin a saya. Ya sauko da su, ya gwada a kwamfutarsa, ya ga ko za ta ɗauka. Idan ta gaza, ya san tun kafin ya tura kuɗi cewa farashin gaskiya ya haɗa da na sabuwar kwamfuta.